Hutun Mai Ƙaramar Sana'a: Darasi Daga Kartum da Umdurman

Idan ma'aikaci a Sudan zai tafi hutu, abin da yake cewa shi ne ya karɓi "ijaza". Bahaushen da ya yi zaman zaure ya san wannan kalma, domin ita ce shaidar da malami ke bai wa almajirinsa bayan ya sauke littafi a gabansa, wato an yarje masa ya je ya karantar da wasu. Asalin ma'anarta ke nan, izini. Kalmarmu ta hutu tana duban jikin wanda ya gaji. Tasu kuwa tana duban mutanen da ya bari a bakin aiki, waɗanda suka ce masa, "Je ka, mun ɗauke maka." Zaman da muka yi tsakanin Kartum da Umdurman ya tabbatar mana cewa a ƙaramar sana'a babu mai samun hutu sai abokan aikinsa sun ba shi ijaza, ita kuma ba ta bayuwa sai an yi mata tanadi.

Kafin yaƙi, mu shida ne a wani ɗan kamfani mai ɗaki biyu a Suƙ al-Arabi, babbar kasuwar tsakiyar Kartum. Aikinmu kashi biyu ne. Na farko hidimar ɗalibai 'yan Nijeriya da Nijar: neman gurbin karatu, fassara takardu, tarbar sabon zuwa a filin jirgi, sama masa masauki, da bin sawun igamarsa. Yawancinsu suna Jami'ar Afirka ta Duniya da ke kudancin Kartum, wasu 'yan mata kuma suna Jami'ar Ahfad ta mata a Umdurman. Na biyu saye da aika kaya daga kasuwar Umdurman zuwa Kano da Maiduguri: laffaya, humra, dilka, turaren wuta da itacen sandal, kayan da kusan kowace amaryar Arewa ta san ƙamshinsu.

Uku daga cikinmu karatu ne ya kawo su suka zauna. Sauran ukun haihuwar Sudan ne, jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, ko suka biyo hijirar da ta auku bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Saboda haka a ofishinmu da Hausa ake gaisawa, da Larabci ake ciniki, lissafi kuwa da duk wanda ya zo baki.

Wanda bai taɓa aiki a ƙaramin wuri ba zai yi zaton hutu ya fi sauƙin samu a can, tunda babu dogon layin shugabanni da za a bi neman sa hannu. Abin ba haka yake ba. A babban kamfani kowace kujera tana da mataimaki, kowane aiki yana da fayil. A wurin mutum shida kuwa, kowane mutum sashe ne sukutum. Ɗaya ne ya san ƙofar da ake bi a ofishin kula da baƙi da ranar da layi ke raguwa. Ɗaya ne dillalan turare na Umdurman suka yarda su ba shi kaya bashi. Ɗaya ne ke riƙe da lambar sirrin manhajar Bankin Kartum, wadda aka fi sani da Bankak. Duk wannan ilmi a cikin kawunan mutane yake da wayoyinsu. Idan mutum ya tafi, sashensa ya tafi tare da shi, sai dai a bi shi da kira.

Kalanda ma ba ta taimaka ba. Ranakun hutun mako a Sudan Juma'a ne da Asabar, a Nijeriya da Nijar kuma Asabar da Lahadi. Ranar Juma'a, lokacin da Kartum ta yi tsit, bankunan Kano a buɗe suke, masu kaya suna so a tabbatar musu kuɗinsu ya iso. Ranar Lahadi, da ma'aikacin Abuja ya sami sararin tambayar lafiyar 'yarsa, mu ranar ce farkon makonmu. Asabar kaɗai muka yi tarayya a kanta, ita kuma Kantin Kwari bai san da zamanta ba. Ga kuma bambancin agogo. Sudan tana gaba da Nijeriya da awa ɗaya tun daga Nuwamban 2017, kafin nan awa biyu ne. Wanda ya kira da ƙarfe goma na dare daga Katsina, yana ganin dare bai yi ba, daga barci ya tashe mu.

Sai kuma al'adarmu. A wurin Bahaushe ƙin ɗaga waya ba ƙaramin abu ba ne, kamar a yi maka sallama ne a ƙofar gida kana ciki ka yi shiru. Wanda ya kira sau uku ba a ɗauka ba, da wuya ya yi tunanin mutumin yana hutu. Cewa zai yi ya sami kuɗi ya fara wulaƙanci, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa game da kayan. Cinikinmu kuma da mutum ake ƙulla shi kafin a san sunan kamfani. Hajiyar da ta saba da wane, shi take so ya zaɓo mata launin laffaya ko da akwai biyar da za su iya. In aka haɗa ta da wani sai ta ce a bari sai ya dawo, bayan minti biyar kuma ta kira shi.

Don haka hutun shekara yana nan a rubuce, ana kuma tafiya, amma ofis yana bin mutum a aljihu. Wani abokin aikinmu ya taɓa zuwa Mai Wurno bikin ƙanwarsa, tafiyar kimanin kilomita 300 daga Kartum. Da ya dawo muka tambaye shi labarin biki, sai ya ba mu labarin wani kwali da ya maƙale a kwastan, domin shi ne abin da ya fi tsaya masa a rai. An ɗaura aure yana bayan masallaci da waya a kunne. Kakarsa ta ce masa da Hausarta irin ta mutanen da, "Jikana, gangar jikinka muka gani, sauran ka baro shi birni." Taura biyu ba ta taunuwa. Bikin bai samu ba, kwalin ma sai da ya dawo sa'an nan ya fita.

Doka ta yi nata ƙoƙarin. Dokar ƙwadago ta Sudan ta 1997 ta bai wa ma'aikacin da ya cika shekara guda hutun kwana 20 da cikakken albashi, yana ƙaruwa gwargwadon daɗewa a aiki. Ta Nijeriya ta ce aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12. Duka biyun an rubuta su ne kafin waya ta shiga aljihun kowa, zamanin da barin ofis ke nufin barin aiki. Wasu ƙasashe sun yi gyara. Faransa tun daga Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙin kashe waya bayan an tashi. Ostireliya ta fara irin wannan a Agustan 2024, amma ta ɗaga wa wuraren da ba su kai mutum 15 ba ƙafa har shekara guda. Mai karatu zai lura cewa ko a can ƙananan wurare ake bari a baya, alhali a cikinsu matsalar ta fi tsanani. Mutum shida masu cin abinci a faranti ɗaya, babu alƙalin da zai hana ɗaya kiran ɗaya.

Abin lura shi ne kakanninmu sun iya tafiya, kuma tafiyarsu ta fi tamu nisa. Mai niyyar hajji da ƙafa yakan bi ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, ya tsallake Nilu, ya nufi Sawakin ko Port Sudan a bakin Bahar Maliya. Tafiyar shekaru ce. Wani ya tsaya ƙwadago a gonakin auduga na Jazira don ya tara guzuri, wani kuma zaman ya zama na dindindin. Irin wannan matafiyi ba ya fita sai ya biya bashi, ya mayar da ajiyar mutane, ya nemi gafarar maƙwabta, ya tara shaidu ya ce, "Wane shi ne wakilina a kan gona da gida, abin da ya yanke na yanke." Haka fataken goro masu zuwa Gwanja suke yin watanni ba a ji ɗuriyarsu ba, harkarsu ta gida tana tafiya a hannun ƙane ko babban yaro. Rashin hanyar sadarwa ya tilasta musu su horar da wakili, su kuma sakar masa.

Waya ta zo da alheri mai yawa, amma ta rage wa wakilci daraja. Tunda ana iya tambayar maigida komai a kowane lokaci, yaro ya daina yanke shawara, maigida kuma ya daina koyar da yadda ake yanke ta. Yaro zai yi shekara goma a shago bai taɓa sallama kaya da kansa ba, sai dai ya ce wa mai saye, "Bari in kira Alhaji." Alhajin kuma ko a gadon asibiti yake zai ɗauka, yana jin daɗin cewa ba a iya yi sai da shi.

Mun ga wannan ƙuru-ƙuru a 2019, ta hanyar da babu mai fatanta. Bayan zubar da jinin da aka yi a wurin zaman dirshan na gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni, dab da ƙaramar Sallah, hukuma ta yanke intanet na wayoyin hannu, ba a maido shi ba sai cikin watan Yuli, bayan fiye da wata guda. Ba za mu kira wannan hutu ba, kwanaki ne na tsoro da zaman makoki. Amma ta fuskar aiki WhatsApp ya yi shiru, saura kiran murya da gajeren saƙo, kiran ƙasar waje kuma da tsada. Wanda zai kira daga Kano sai ya tara maganarsa ya faɗe ta cikin minti biyu. Saƙonnin da ke kwararowa dare da rana suka koma 'yan ƙalilan, kuma su ne masu muhimmancin: lafiyar ɗalibi, kuɗin abinci, tikitin komawa gida.

Wanda ke Umdurman kuma ba kullum yake iya tsallako gada ba, ba zai kuma iya ɗaukar hoton takarda ya tura a duba masa ba. Dole ya duba da idonsa ya yanke. Ƙaramin cikinmu, wanda aikinsa bai wuce kai saƙo ba, shi ya shirya wa ɗalibai mata huɗu masauki da mota ba tare da ya tambayi kowa ba, kuma ya yi daidai. Ashe ya daɗe da iyawa, dama ce bai taɓa samu ba.

Da ƙura ta lafa, maigidanmu ya tara mu a wurin mai shayin da ke gindin bishiya kusa da ofis, irin matan nan da ke kowane lungu na Kartum da kurfotinsu da 'yan kujerunsu. Dattijo ne da ya tashi a kan cewa zuwa da kai ya fi saƙo. Ya ce, "'Ya'yana, an kashe mana waya wata guda bisa tilas, kamfanin nan bai rushe ba. Me zai hana mu riƙa kashe wa junanmu ita mako biyu da yardarmu?" Daga wannan zama muka fitar da tsarin da muka yi aiki da shi kusan shekara huɗu. Ba wani abin ƙasaita ba ne, amma ga shi ko zai amfani wani.

Na farko, littafi. Babban littafi ne mai bango irin na 'yan kasuwa, muka sa masa suna littafin amana. Kowa yana da shafukansa: aikin da ke hannunsa, inda ya tsaya, wanda muke bi da wanda ke binmu, sunan mutumin da ake gani a kowace ƙofa da yadda ake yi masa magana. Mako biyu kafin tafiya, mai tafiya zai zauna da wakilinsa su bi shafukan layi-layi, sa'an nan ya ɗauke shi ƙafa da ƙafa ya kai shi wurin dillalai da jami'ai ya ce ga ɗan'uwana. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen kowane wata ana yin kwafin littafin, ɗaya ya zauna a ofis a Kartum, ɗaya a tsallake a Umdurman.

Na biyu, muka raba layin aiki da layin gida. Lambar da masu hulɗa da mu suka sani ta zama ta ofis, a wayar ofis, mai tafiya ya miƙa ta hannu da hannu kamar yadda ake miƙa makullin shago. Wannan ya warware mana matsalar al'ada, domin sallamar mutane ba ta faɗuwa ƙasa. Wanda ya kira za a amsa masa, a gaishe shi da sunansa, a ce wane ya yi tafiya zai dawo ranar kaza, ga ni a madadinsa. Manyan masu sayen kayanmu kuwa, mai tafiya da bakinsa yake yi musu sallama tun kafin ya tafi, ya gabatar musu da wakilin.

Na uku, aka yi wa wakili iyaka, aka kuma ba shi cikakken iko a cikinta. Akwai adadin kuɗin da zai iya kashewa ko ya yi ragi ba tare da tambayar kowa ba. Abin da ya wuce haka sai waɗanda ke ofis su zauna a kai. Abu uku kaɗai ke sa a nemi mai hutu: rasuwa ko rashin lafiya mai tsanani, hukuma ta tsare wani daga cikin ɗalibanmu, ko asarar da za ta iya rufe kamfanin. Ko a kansu ma mutum ɗaya ne ke da izinin kira, kuma da murya, don kada a bar masa saƙon da zai kwana yana cin ransa. Lokacin tafiya shi ma an tsara shi. Ba a fita lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ko makonnin da ke gaban Sallah, kuma mutum biyu ba sa tafiya tare.

Rubuta tsari ba shi da wuya, wuyar tana cikin zuciya. Ma'aikaci a ƙaramin wuri yana da wani tsoro da ba ya furtawa: in na yi mako biyu ba a neme ni ba, ashe ba za a gane ana iya yi ba ni ba? Abin da ya sani shi ne jarinsa, zuba shi a littafi kamar miƙa wuya ne. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin akwai masu gidan da za su karɓe sirrin aiki su sallami mai shi. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne maigida ya fara da kansa. Shafukansa sun fi na kowa yawa, har da sunayen mutanen da ya yi shekara 20 yana hulɗa da su shi kaɗai, kuma shi ne ya fara karɓar ijaza.

Bai je ko'ina ba. Gada kawai ya tsallaka ya zauna gidansa a Umdurman kwana 14. Cikin kwanakin aka sami cinikin itacen sandal, wakilinsa ya sayar a kan farashin da shi maigida ba zai sallama ba. Riba ta fito, amma ba ta kai wadda dattijon zai tatso ba. Ranar da ya dawo muka zuba ido. Ya karanta littafin har ƙarshe, ya rufe, ya dubi wakilin ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Gobe ka zo in nuna maka yadda ake jan wannan mutumin." Da ya yi faɗa a ranar, da babu wanda zai ƙara yanke shawara a bayan idonsa, da kuma tsarin ya mutu a nan. Ɗan giɓin ribar nan shi ne kuɗin hutunsa, shi ne kuma kuɗin makarantar yaron.

To, me ake yi da kwanakin? Umdurman gari ne da ya iya zama. Da safe a fito da angarib, gadon nan na igiya, a ajiye a inuwa, a soya gahawa a daka a zuba a jabana, a sha ba gaggawa. Wata rana a yi sammako zuwa Mawrada a sayo kifin Nilu. Da dare a tsaya wurin mai agashe, tsiren da Hausawa suka kai Sudan har sunansa ya zauna a bakin kowa. Ranar Juma'a da yamma a leƙa filin Hamad al-Nil a ga zikirin 'yan Ƙadiriyya, ko a kai yara Mugran su ga inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu kowanne da launinsa. Amma mafi yawan kwanakin a zumunci suke ƙarewa: gaisuwar rasuwar da ba a samu zuwa ba, barkar haihuwa, dubiyar tsohuwar da ta daɗe tana cigiya. Hutun Bahaushe lokacin biyan bashin 'yan'uwa ne, wannan bashi kuwa ba ya biyuwa da rabin hankali. Ko ƙaramin yaro ya san bambancin uban da ke sauraronsa da wanda ke gyaɗa kai idonsa na kan waya.

Wani zai ce wannan zance ne na masu ƙoshi, kasuwa ba ta jira, in ba ka ɗauka ba wani zai ɗauka. Yana da tasa gaskiyar. Akwai hajiyar da ta koma wurin wani saboda ba ta sami wanda ta saba da shi ba, ba ta kuma dawo ba. Uwar da 'yarta ke ƙasar da ba ta taɓa gani ba tana da haƙƙin a amsa mata ko da tsakar dare ne. Sai dai wannan haƙƙi a kan kamfani yake, kuma kamfani yana da kunne fiye da ɗaya. Wanda kuwa ya shekara uku bai runtsa da kwanciyar hankali ba, shi ne ke manta ranar ƙarewar igama, shi ne ke ɗaga wa mai saye murya. Gajiya ma tana korar ciniki, ita dai ba a rubuta ta a shafin asara.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ranar hutu ce, kowannenmu yana gida. Ofishinmu ba shi da nisa da fadar shugaban ƙasa, inda wuta ta yi ƙamari, babu wanda ya sake taka shi. Gadoji suka zama abin tsoro, lantarki ya ɗauke, wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke riƙe da harkar ɗalibai yana kudancin Kartum, kwana huɗu ba mu ji daga gare shi ba. Abin da ya tsaya mana shi ne kwafin littafin da ke Umdurman, mai ɗauke da sunan kowane ɗalibi, unguwar da yake, da lambar iyayensa. Mutum biyu da suka taɓa riƙe wannan aiki a matsayin wakilai suka ɗauke shi ba tare da jiran umarni ba, suka haɗa yaran da shugabannin ɗalibai har suka shiga motocin da suka nufi iyakar Masar, wasu kuma Port Sudan. A farkon Mayu jiragen farko suka sauka Abuja da waɗanda aka kwaso. Domin hutun mako biyu muka yi tsarin nan, yaƙi bai taɓa zuwa cikin lissafinmu ba. Amma aikin da ya saba jure rashin mutum a lokacin da aka shirya, shi ne ke iya jure rashinsa ranar da ba a shirya ba.

Yau mun warwatsu, wasu a Kano, wasu a Alƙahira, wasu suna Sudan ba su fita ba. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duka suka ɗauke, mutane a sassa da dama suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu na'urar Starlink don su shaida wa 'yan'uwa suna raye, ko su karɓi kuɗin abinci ta Bankak. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara raina waya ba. Shi ne kuma ya fi kowa sanin abin da ya cancanci a kira mutum a kansa. Shirun da aka ɗora wa mutum da bakin bindiga azaba ne. Wanda abokan aikinsa suka ba shi kyauta, suna tsare masa ƙofa har ya dawo, ni'ima ce da ya kamata a nema tun ana cikin zaman lafiya.

Muna rubuta wannan ne domin mai shago a Kantin Kwari da Kasuwar Singa, mai kemis a Zariya, mai makarantar kuɗi a Sakkwato, mai motocin haya a Maraɗi. Ya tambayi kansa: in wayata ta faɗa rijiya yau, wa ya san waɗanda nake bi bashi? In amsar ita ce babu, to matsalarsa ta wuce rashin hutu. Ya sayi littafi, ya zaɓi yaro, ya yi masa iyaka ya ba shi iko, ya fara da kwana uku. In ya dawo ya tarar an yi abin da shi ba haka zai yi ba, ya haɗiye, ya koyar daga baya. Sa'an nan ya tuna cewa yaran ma suna da iyaye da 'ya'ya, in sun tafi nasu hutun ya janye hannunsa daga lambarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu, Ya sa mu sake zama a inuwar Umdurman mu sha gahawa babu mai duban agogo.